Me ke rayuwa a cikin daskararriyar ƙasar Saiberiya?

Tambaya: Malam, na ji an ce ƙasar da ta daskare a arewacin Rasha tana narkewa, wai tsofaffin cututtuka za su farfaɗo. Ashe akwai abin da ke iya rayuwa cikin irin wannan sanyi?

Amsa: Akwai kuwa, Malama. Ƙasar da kike magana a kai ita ce wadda ta shekara biyu ko fiye ba ta narke ba, wata ma ta yi dubban shekaru a haka. Tana nan a Saiberiya da Alaska da arewacin Kanada. Duk da ƙanƙarar, akan samu ɗan ruwa mai gishiri manne da ƙwayoyin ƙasa wanda bai daskare ba, kuma a nan bakteriya ke lallaɓawa. Wata da aka samo a tsibirin Ellesmere na Kanada tana hayayyafa a sanyin digiri 15 ƙasa da sifili. Wasu kuwa barci kawai suke yi.

Batun cuta ba ƙarya ba ne, amma an zuzuta shi. A 2016 zafi ya tsananta a yankin Yamal na arewacin Rasha, ciwon saifa ya ɓarke, barewar kiwo fiye da 2,000 suka mutu, da yaro ɗan shekara 12. An danganta abin da tsohon mushe da ƙasa ta tona, sai dai tun 2007 aka daina yi wa dabbobin rigakafi a can. Bairos mai shekara 30,000 da masana a Faransa suka farfaɗo da shi a 2014 kuwa, amiba yake kamawa, wata 'yar halitta da ido ba ya gani, ba mutum ba.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yunwar ƙananan halittun da ke cikin ƙasar. Ƙasar tana ɗauke da ragowar ciyayi da dabbobi da sanyi ya hana ruɓewa, kabon ɗinsu ya kai kimanin tan biliyan 1,500, kusan ninki biyu na wanda ke sararin sama. Kamar nama ne a firji aka ɗauke wuta: da ƙasa ta narke, sai su hau ci. Inda iska ke shiga, iskar kabon suke fitarwa. Inda ruwa ya kwanta ya zama fadama, wani jinsi daban ne ke aiki, yana fitar da iskar metan, wadda ta fi riƙe zafi nesa ba kusa ba. Zafin kuma ya ƙara narkar da wata ƙasar.

Akwai ɗan sauƙi: wasu bakteriya a saman ƙasa suna cinye wani kaso na metan ɗin kafin ya fita. Yawan abin da zai tsere ya dogara ga ko wurin ya bushe bayan narkewa ko ya cika da ruwa.