Filin Likita: Maganar Hanci, Siririyar Murya da Batun Beli

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru mini a wannan karo kusan duk a kan murya suke, kuma ban yi mamaki ba, tunda hunturu ya kankama, ƙura ta rufe Damagaram, kowa na shaƙar rabonsa. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma taƙaita wasu saƙonnin.

Tambaya: Likita, ni ɗalibin jami'a ne, burina in yi aikin rediyo. Abokaina na yi mini dariya wai ta hanci nake magana, kuma abin ya fi tsananta lokacin sanyi. An ce in riƙa shan zuma da citta da ɗanyen ƙwai. Za su gyara? (Wani matashi daga Zango)

Amsa: Ɗana, kafin a yi zancen magani sai mun san wace irin maganar hanci ce taka, don iri biyu ce, kuma kishiyoyin juna ne.

Ɗaga harshenka ka taɓa rufin bakinka. Daga gaba za ka ji tauri, ƙashi ne, ganɗa ke nan. In ka ja harshen baya za ka iske wuri mai laushi, tsoka ce, ita ce beli ke reto a ƙarshenta. Wannan tsoka ƙyaure ce tsakanin baki da hanci. Duk lokacin da za ka furta b ko d ko k ko s, ko wasula, sai ta ɗaga ta manne da bayan maƙogwaro, iska ta fita ta baki. In ka zo kan m da n sai ta sauka, sautin ya bi ta hanci. To ko dai ƙyauren ba ya rufuwa sosai, iska na zurarewa ta hanci a inda bai kamata ba, ko kuma shi lafiyarsa lau, hancin ne a toshe, m da n suka rasa hanyar fita.

Gwajin ba ya cin ko dala. Ka ce: "Baba ya ba Bala tsire." Babu m babu n a ciki. Sake faɗa, wannan karon ka matse hancinka da yatsu biyu. In sautin bai sake ba, ƙyaurenka na aiki. In ka ji ya canza, ko ka ji hancin na kaɗawa a ƙarƙashin yatsunka, iska na ɓallewa. Sannan ka saki hancin ka ce: "Mama ta nemi nama." In abin da ya fito ya fi kama da "Baba ta debi daba", toshewa ce.

Tunda ka ce sanyi ke tayar da naka, na fi zaton toshewar ce. Ƙura da busasshiyar iska na kumbura fatar cikin hanci. Ka tafasa ruwa rabin lita, ya huce, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, ba mai tozo ba, ka riƙa wanke hancin da sirinji marar allura safe da dare. Akwai irinsa haɗaɗɗe a farmasi. In za ka hau kabu-kabu ka sa takunkumi ko ka ja amawali. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne ɗigon nan mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivine. Yana aiki, shi ya sa mutane ba sa rabuwa da shi, amma in aka wuce kwana 5 ana ɗigawa, hancin kan koma ya toshe fiye da da, ya zama sai da shi ake numfashi. In kuwa toshewar ba ta san rani ba ta san damina ba, ko kullum a kafa ɗaya take, ko ka daina jin ƙanshi, ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL, ya leƙa. Wani lokaci bangon da ya raba kafofin hanci ne ya karkace, wani lokaci tsiro ne.

Zuma da citta suna sanyaya maƙogwaro, ban hana ka ba, amma abin da ka haɗiye hanyar ciki yake bi, ba ya taɓa tantanin murya balle hanci. Ɗanyen ƙwai kuwa, abin da zai iya ba ka shi ne zawo.

In duka gwajin biyu sun fito lafiya, to sabo ne, kuma shi kaɗai ne motsa baki ke gyarawa. Mai magana haƙora a haɗe, bayan harshe a ɗage, sautinsa hanci yake nufa. Ka yi hamma ka lura da yadda can ciki ke buɗewa. Ka faɗi "ganga" a hankali, ka ja n ɗin, za ka ji lokacin da tsokar ta ɗaga a kan "ga". Daga nan ka riƙa karatu a bayyane minti 10 kullum, baki a sake, kana ɗauka a salula kana saurare.

Tambaya: Ɗana shekararsa 4, in yana magana mu kaɗai ke ganewa, komai ta hanci yake fita. Yana jariri nono kan dawo masa ta hanci. Kakarsa ta ce belin ne ba a cire da kyau ba ranar suna, a mayar da shi wurin wanzami. (Wata uwa daga Mirya)

Amsa: Uwar yaro, don Allah kada a mayar da shi. Ki gaya wa Hajiya likita ne ya roƙa, ki ɗora mini laifin.

Nonon da ke dawowa ta hanci tun yana jariri, haɗe da wannan magana, ya sa ina zargin tsagar ganɗa. Kowa ya san yaron da aka haifa leɓe a tsage, wannan ba ta ɓuya. Amma akwai wadda leɓe lafiya, tsagar tana can ciki, har akwai wadda fata ta lulluɓe ta, tsokar ce kawai ba ta haɗe a tsakiya ba. Ɗaya daga cikin alamunta shi ne beli mai baki biyu, kuma wannan alamar ce askar wanzami ke ɗaukewa tun yaro yana kwana 7, likita ya zo daga baya ya rasa ta.

Ina girmama wanzamai, sana'ar gado ce, kuma sun riga mu zama cikin mutane. Amma a kan beli ba na sassauci. Beli ba cuta ba ne, kowa da shi aka haife shi, ba ya hana shan nono, ba ya sa amai ko rama. Yankansa na iya jawo zubar jini ga jaririn da jininsa duka bai fi cikin kofi ɗaya da ɗan wani abu ba, ga sarƙe-haƙora, ga ciwon hanta da Sida in askar ta bi yara da yawa. In kuma hannu ya zarce aka haɗa da tsokar, tabon da zai fito yana gajarta ta. Yaron da dama tsokarsa ba ta kai ba, a ƙara rage masa, kin ga an tafi neman gyara an dawo da ɓarna.

Ki kai shi Babban Asibitin Damagaram a duba bakinsa, a kuma auna jinsa, don masu wannan tsaga ruwa kan taru musu a bayan dodon kunne, kuma yaron da ba ya ji sosai ba ya furuci sosai. In tsagar ce, aikin tiyata ne. An fi son a yi shi tsakanin wata 9 da wata 18, kafin harshe ya saba, amma shekara 4 ba ta makara ba. Asibitin yara na CURE da ke Yamai na cikin masu yin irin wannan aiki. Bayan an ɗinke zai buƙaci mai koyar da furuci, saboda ya riga ya koyi fitar da wasu haruffa daga maƙogwaro. Busa balam-balam da hura kyandir da ake sa yara ba sa rufe tsaga.

Kada a haɗa wannan da yaron da ke kwana baki buɗe yana minshari. Shi nasa wata tsoka ce daban a bayan hanci ta yi girma ta toshe hanya, abin da aka fi gani tsakanin shekara 3 da 7.

Tambaya: 'Yata mai shekara 9 ta yi ciwon wuya da kumburi mako 3 da suka wuce, ta samu sauƙi. Yanzu muryarta ta koma ta hanci, in ta sha ruwa yana fitowa ta hanci. (Wani uba daga Matamai)

Amsa: Malam, wannan ba ta jiran gobe. Ka kai ta asibiti yau. Abin da ka kwatanta ya yi kama da mashaƙo, wato difteri, cutar da ta ɓarke a yankinku a 2023. Ko bayan wuya ya warke, gubar ƙwayar cutar na nan a jiki, tana kama jijiyoyi, kuma tsokar bayan ganɗa takan fara shanyewa wajen mako na 2 ko na 3. Ita muryar yawanci tana dawowa da kanta cikin makonni. Abin tsoron shi ne gubar na taɓa zuciya, kuma shanyewar na iya gangarawa ga naman numfashi. Kafin ku isa, a zaune za ta ci ta sha, kuma kunu mai kauri ya fi ruwa tsarara sauƙin haɗiya. Ka tafi da katin rigakafin sauran yaran gidan.

Haka ma babban mutum da ya wayi gari magana ta koma hanci, ko baki ya karkace, ko yana ƙwarewa da ruwa: shanyewar ɓarin jiki ake fara zato, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Shekarata 19 amma muryata siririya ce, a waya har Hajiya ake ce mini. Wani a wurin ɗaga ƙarfe ya ce akwai allurar da ke sa murya kauri.

Amsa: Samari, rabu da allurar. Tantanin muryar namiji baligi yakan kaɗa kamar sau 120 a sakan ɗaya, na mace kamar sau 200 ko fiye. Bambancin na zuwa ne lokacin balaga, wajen shekara 12 zuwa 15, sa'ad da maƙogwaro ke girma, tantanin ya ƙara tsawo da kauri, zakaran wuya ya bayyana. Akwai samarin da duk wannan ya faru gare su, amma suka ci gaba da ɗaure maƙogwaro a sama suna magana da tsohuwar murya, sau da yawa saboda kunyar lokacin da take karyewa ana yi musu dariya.

Ka yi tari mai ƙarfi ka saurara. In tarin ya fito da kauri, muryar manyan tana nan, ba ka amfani da ita ne. Ka yi tarin ka zarce da "hmmm" a wannan sautin, ka ɗora hannu a ƙirji ka ji yana kaɗawa, daga nan "hmmm, ɗaya, hmmm, biyu". Da taimakon mai koyar da furuci wasu cikin 'yan zama kaɗan suke samu. Mai wuyar ita ce ranar da za ka fara magana da ita a gaban 'yan gida.

In kuwa babu gemu, babu gashin gaba, jiki bai nuna balaga ba, sai a auna jini, likita ne zai yanke. Wanda sinadarin mazantakarsa yake daidai, allurar testosteron ba za ta ƙara masa kaurin murya ba, sai dai ta rage masa ƙwayoyin haihuwa. Mace kuma in ta yi ta, muryar kan yi kauri, kuma ba ta komawa ko an daina.

Tambaya: Me ya sa in na saurari saƙon muryata a WhatsApp nake jin kamar ba ni ba ce?

Amsa: 'Yata, lafiyarki lau. In kina magana sautin na iso miki ta iska da kuma ta ƙasusuwan kanki, su kuwa ƙasusuwa suna ƙara masa kauri. Waya ta iska kaɗai take ɗauka, ga ƙaramar lasifika da ke yanke kaurin. Wadda kike ji a saƙon ta fi kusa da wadda mutane suka sani, kuma da ita suka saba tun tuni.

Tambaya: Malamina na tajwidi ya ce ina sa gunna a cikin madda, na kasa bari. (Wani ɗalibi daga Birni)

Amsa: Allah ya ba da ilimi mai amfani. Gunna, wato sautin hanci, ta nunun da mimun ce, ka fi ni sani. Ayar farko ta Ƙulhuwallahu, in ka tsaya a ƙarshenta, babu ko ɗayansu a ciki. Ka karanta ta hanci a matse. In sautin ya shaƙe, ta hanci kake ja. In a hira ta yau da kullum ba ka yi, to ba cuta ba ce, neman zaƙin murya ne ya saba maka. Ka buɗe baki, ka rage waƙe karatun na ɗan lokaci, ka riƙa matse hanci kana saki a tsakiyar madda har ka ji babu bambanci.

Tambaya: Ni malamar lakwal ce, yara sun yi yawa a aji. Kafin Alhamis muryata ta dishe, yanzu ko hutu ba ya dawo da ita sosai. (Daga Karkada)

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ɗaga murya kullum a kan hayaniya na sa gefen tantanin biyu su yi ta bugun juna har su yi kanta. Ki ajiye gorar ruwa a kan tebur kina kurɓa. Tsawatarwa ki bar wa tafi ko bugun tebur, kada ki yi magana kina fuskantar allo, ki ratsa tsakiyar aji maimakon kira daga gaba. Raɗa ba hutu ba ce, tana gajiyar da maƙogwaro. In za ki huta, ki yi shiru. Yawan gyaran murya ma bugu ne, ki haɗiyi ruwa a madadinsa. In kina fama da ƙwannafi, ki bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, ki rage yaji da shayi mai ƙarfi, don tsamin ciki na hawowa har maƙogwaro. Masu ƙaramar lasifikar ratayawa sun huta, in da hali ki saya.

Amma tunda kin ce hutu ya daina dawo da ita, lokacin dubawa ya yi. Duk dishewar da ta wuce mako 3 sai an leƙa tantanin da madubi ko kyamara, don ba a gane kanta da kunne. Mace mai murya da ta yi kauri tare da kasala da jin sanyi da kumburin wuya, a auna mata maƙoƙo. Mai tari da rama da zufar dare, a auna majinarsa, tarin fuka na kama maƙogwaro. Mai shan taba ko shisha da ya haura shekara 40, ko wanda ke ganin jini, ko haɗiya na yi masa wuya, ko ya ji ƙullutu a wuya, shi kada ma ya jira makonnin su cika.