Ɗaukar jirgin kaya hoto da waya a layin masana'anta

Tambaya: Malam, akwai ƙaramin layin dogo da ya ratse daga babban layi ya shiga wata masana'anta. Jirgin kaya na zuwa ya ajiye taragai ya kwashi wasu. Duk hoton da na ɗauka da wayata, ko ya yi dishi-dishi ko ya yi duhu. Sai na sayi babbar kamara ne?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Jirgin da ke aiki a irin wannan layi ba gudu yake yi ba. A Amurka, alal misali, layin da ke mataki na ɗaya, wato ƙaramin mataki a jerin ingancin layukan dogo, mil 10 a sa'a doka ta ƙayyade wa jirgin kaya a kansa, kusan kilomita 16 ke nan. Wayarka za ta iya.

Dishi-dishin daga shata yake, wato abin da ke ƙayyade tsawon lokacin da kamara ke karɓar haske. Idan haske ya yi ƙaranci, wayar kan daɗe tana karɓarsa, kafin ta gama kuwa jirgin ya gusa. Yawancin wayoyin Android suna da sashen Pro a cikin kamara. Shiga ka sa saurin shata a 1/500 na daƙiƙa, in jirgin rarrafe yake 1/250 ma ya isa, ka bar ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kamara, tsakanin 50 da 200 da rana. Manhajar kamarar da iPhone ke zuwa da ita ba ta ba ka wannan iko, sai ka sauke wata ko ka jira haske mai kyau.

Duhun kuma fitilar kan jirgi ce ke yaudarar wayar. Da ta haske kamarar, sai wayar ta ɗauka rana ta ƙwalle, ta rage hasken hoton baki ɗaya. Maganinsa, tun jirgin bai iso ba ka danna ka riƙe yatsa a daidai wurin da kake so ya tsaya a hoton, har wayar ta kulle haske da saiti. Ka kuma ba rana baya. A ganina hantsi da la'asar sun fi, domin hasken na shiga ƙarƙashin tarago, ka ga tayoyin ƙarfe da tsatsar jikinsu da lambobin da aka rubuta, abin da tsakar rana ke binnewa a inuwa.

Tambaya: Malam, in na ɗauki jirgi daga gefe yana wucewa, taragan sai su fito a karkace kamar za su faɗi. Kamarata ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta lau. Kamarar waya ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi take karanta shi daga wannan gefe zuwa wancan, kafin ta kai ƙarshe taragon ya matsa. Ka tsaya ta yadda za ka ga gaban jirgin da gefensa tare, karkacewar za ta ragu sosai. Kuma kada ka dogara da yanayin dare a kan abin da ke motsi, hotuna da yawa yake haɗawa wuri ɗaya, shi ya sa rubutun jikin tarago ke ninkuwa.

Tambaya: Ina son hoton da jirgi ya nufo ni kai-tsaye. Tunda a hankali yake tafiya, zan iya tsayawa a kan layin in kauce in ya matso?

Amsa: Don Allah kada ka yi. Wannan tambayar ta fi sauran damuna. A layin masana'anta sau da yawa turo taragai ake yi da baya, kan jirgin yana can nesa, direba ba ya ganinka, tarago kuma yakan gangaro kusan ba ƙara. Jikin jirgi yana zarce layin da kusan mita ɗaya a kowane gefe, ga igiyar ɗaure kaya da kan tsinke tana lilo. Wanda idonsa ke kan fuskar waya ba ya iya auna tazara, musamman in ya zuƙo hoton.

Hoton da kake so ana samunsa daga bayan shinge ko mashigar da aka yarda jama'a su tsaya, a wajen lanƙwasar layi. Daga nan jirgin kamar kai ya nufo, alhali kana gefe. Yi amfani da kamarar zuƙowa ta 2x ko 3x in wayarka na da ita, domin zuƙowa da yatsu yanke hoton kawai take yi. Kashe filasha, tana kashe wa ma'aikata ido. Irin waɗannan layuka galibi mallakar kamfani ne, saboda haka ka nemi izini a ƙofa, ka kuma tambayi ma'aikaci kafin ka ɗauki fuskarsa.