Sabon shiga zai iya zuwa tafkin kan dutse ya dawo a yini guda?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda bai saba ba zai iya bin hanyar daji zuwa tafkin kan dutse ya dawo kafin dare. Zai iya sosai, amma kada tsawon hanya kaɗai ya ruɗe ka, ka duba hawan. Tsohon lissafin lokacin tafiya da Naismith, wani mai hawan duwatsu ɗan Scotland, ya fitar a 1892 shi ne awa ɗaya ga kowace kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Kai ka ƙara a kai, saboda hutu da saiwoyin bishiya masu santsi.

Ka yi sammako, domin hadari da tsawa sun fi haɗuwa a duwatsu bayan azahar. Ka riƙe riga mai kauri: zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1000 ta hawa, ga iskar bakin tafki tana bugun rigar da gumi ya jiƙa.

Abin da ya fi damu na shi ne ruwan tafkin. Ko ka ga duwatsun ƙasansa tar, kada ka sha sai ka tace ko ka tafasa shi aƙalla minti ɗaya, don ƙwayoyin cutar gudawa ba sa ganuwa. Kada ka faɗa iyo kai tsaye, sanyinsa na ɗauke numfashi. Kafin ka fita, ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka.