Amsa ga Malam: dalilin da ya sa ƙ da ɗ suke rikiɗewa idan fayil ya canza kwamfuta

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ka rubuta sunayen ɗalibai a Excel, ka adana su a matsayin CSV (fayil ɗin tebur na zallar rubutu), da aka buɗe a wata kwamfutar sai Baƙo ya koma BaÆ™o, Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, a wani kwafin kuma alamar tambaya ce ta maye gurbin haruffan. Kafin komai, don Allah kada ka adana komai a kan waɗannan fayilolin. Ka yi kwafi ka yi aiki a kansa, domin ɗaya daga cikin matsalolin nan biyu tana gyaruwa cikin minti biyar, ɗayar kuwa ba ta gyaruwa.

Kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi. A Unicode, wato tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobinsu, lambar ƙ ita ce U+0199, ta ɗ U+0257, ta ɓ U+0253, ta ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa U+01B4. Idan za a zuba su cikin fayil da tsarin UTF-8, haruffa irin su a da b bait (ƙaramin ma'aunin ajiya a kwamfuta) ɗaya-ɗaya suke ci, amma masu lanƙwasa bait biyu-biyu: ƙ ta zama C6 99, ɗ ta zama C9 97. To Windows tana da wani tsohon tsari, Windows-1252, wanda za ka ga an rubuta masa ANSI a cikin manhajoji. Gurbi 256 kawai gare shi, kowane bait harafi ɗaya, kuma babu ƙ, ɗ ko ɓ a ciki. Idan manhaja ta karanta fayil ɗin UTF-8 da wannan tsarin, sai ta ɗauki C6 ta ce Æ ce, ta ɗauki 99 ta ce ™ ce. Daga nan BaÆ™o ya fito. Rubutunka yana nan lafiya lau a cikin fayil ɗin, karatun ne aka yi ba daidai ba.

Excel ya yi fice wajen wannan. Idan ka danna CSV sau biyu, yana duba farkon fayil ɗin ko akwai bait uku, EF BB BF, waɗanda ake kira BOM. In ya gan su sai ya karanta da UTF-8, in bai gan su ba sai ya koma tsohon tsarin kwamfutar. Don haka kada ka buɗe ta dannawa. Buɗe Excel babu komai, ka shiga Data, ka zaɓi From Text/CSV, a akwatin File Origin ka zaɓi 65001, wato lambar da Windows ta ba UTF-8. Tun a samfurin da zai nuna maka za ka ga sunayen sun dawo. Ko kuma ka buɗe fayil ɗin da Notepad, ka yi Save As, a wurin Encoding ka zaɓi UTF-8 with BOM. Notepad tun daga Windows 10 sigar 1903 ta 2019 da UTF-8 yake adanawa, amma marar BOM, shi ya sa fayil yake fita tsaf a Notepad ya lalace a Excel a kan kwamfuta guda.

Idan wani ya riga ya buɗe shi a gurɓace ya kuma adana, Æ™ ɗin ya zama shi ne ainihin abin da ke ciki. Duk da haka akwai mafita, tunda kowane harafi da irin shigar da yake yi: Æ™ ƙ ce, É— ɗ ce, É“ ɓ ce, ÆŠ Ɗ ce, Æ˜ Ƙ ce. Find and Replace sau biyar ya wadatar. Babbar Ɓ ce mai wahala, domin bait ɗinta na biyu 81 ne, gurbin da ba a sa wa harafi ba a 1252, wasu manhajojin kuma jefar da shi suke yi. Duk inda ka ga Æ ita kaɗai a farkon kalma, ka duba da ido.

Kwafin mai alamar tambaya kuwa, sai haƙuri. Wannan yana faruwa ne idan aka zaɓi CSV na gargajiya a Excel, ko ANSI a Notepad. Manhajar ta nemi gurbin ƙ a 1252 ba ta samu ba, ta rubuta ? a wurin, kuma ƙ da ɗ da ɓ duk sun zama abu guda. Babu manhajar da za ta dawo da su. Ka koma ga asalin fayil ɗin Excel, wato xlsx ɗin, ka sake fitarwa da zaɓin CSV UTF-8, wanda ke cikin sababbin sigogin Excel, shi yana sa BOM da kansa. In asalin ya ɓata, sai gyara da hannu.

Wasu za su ce ka canza font. Wannan magani ne na wata cuta daban: idan ƙaramin akwati kake gani a gurbin harafin, lambar daidai take, zubin harafin ne ba shi da zanenta. Charis SIL, Gentium, Noto Sans ko DejaVu Sans duk suna da haruffanmu. Idan kuma }asa da ]aya da ~arawo kake gani, an buga takardar ce da tsofaffin zubin Hausa na kafin Unicode ta yaɗu, waɗanda suka zana ƙ a gurbin } da ɗ a gurbin ]. Irin wannan ba a iya binciken kalma a cikinta, kuma tana lalacewa a duk kwamfutar da ba ta da wancan zubin. A musanya alamomin da haruffan gaskiya sau ɗaya a huta.

Ka tambaya ko Windows ce ba ta da kyau. A'a, tun zamanin Windows NT da Unicode take aiki a cikinta, har sunayen fayil a NTFS, wato tsarinta na ajiye fayiloli, shi ya sa folda mai suna Ɗalibai ba ta ba da matsala. Tsofaffin manhajoji ne suke bi ta tsohuwar hanya, haka ma Command Prompt, wanda yakan tashi da tsohon tsari mai lamba 437 ko 850, sai in ka buga chcp 65001 ya koma UTF-8. Akwai wani zaɓi a Region, shafin Administrative, ƙarƙashin Change system locale, da ke mayar da tsohuwar hanyar UTF-8. Ban ba ka shawarar kunna shi a kwamfutar makaranta ba: har yanzu Beta aka rubuta masa, kuma yana iya hargitsa rubutun tsohuwar manhajar lissafi ko ta sakamakon jarrabawa. Linux da macOS kuwa UTF-8 ne abin da suka saba da shi. A Linux, file -i da sunan fayil zai faɗa maka tsarin da yake zato, iconv kuma ya juya maka shi.

Wajen bugawa, ƙara madannan Hausa a Settings ƙarƙashin harshe, sai Alt na dama tare da k, d ko b su ba ka ƙ, ɗ, ɓ. A Word kana iya buga 0199 ka danna Alt da X. Kuma ku tsayar da rubutu ɗaya a makarantar, domin Baƙo da Bako da Bak'o sunaye uku ne daban a wurin kwamfuta, kuma VLOOKUP, umarnin Excel mai nemo suna a wani jeri, ba zai haɗa su ba ranar haɗa sakamako. Idan fayil ɗin tsakanin malamai kawai zai yi yawo, ka bar shi a xlsx. CSV sai in shafin da za a ɗora shi ya nema, sannan ka fara gwadawa da suna biyu ko uku masu lanƙwasa kafin ka ɗora jerin gaba ɗaya.