Karen 'yan sanda zai iya shinshino ƙwaya a motar da ke gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne daga Aboabo a Kumasi, ina ɗaukar fasinja da kaya zuwa Tamale. Gardama ta kaure a tasharmu: wasu sun ce kare yana jin warin wiwi ko hodar iblis tun mota na tafe a guje, wasu sun ce sai ta tsaya. Abin ya dame ni, domin kullum ana ba mu saƙo a ɗaure mu kai. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Masu cewa sai mota ta tsaya su ne suka fi kusa da gaskiya.

Hancin kare abin mamaki ne, ba na musun haka. Jijiyoyin jin wari a hancin mutum ba su wuce miliyan 6 ba, na wasu karnuka kuwa sukan kai miliyan 300. Sai dai wari ba ya zuwa wa kare da kansa, iska ce ke kawo shi. Motar da ke gudu tana yaga iska, ta watsa ɗan tururin da ke fita daga kaya, ta gauraya shi da hayaƙin dizal da ƙura, kafin kare ya ja numfashi biyu ta yi nisa. Ko ya tsinci wani abu, daga wace mota ce cikin goma da suka wuce? Mai riƙe da shi ba zai iya cewa ba. Inda abin kan yiwu shi ne cunkoso ko bakin shinge, mota na jan ciki, gilasai a sauke, iska na kaɗowa ta wajensa. Shi ya sa ake tsayar da mota, a zagaya da kare ta jikin ƙofofi da but da tayoyi, inda wari ke zurarowa.

Ko a tsaye ma mota wuri ne mai wuya. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan karnukan 'yan sandan ƙasar Poland ya nuna cewa a jimlace sun gano abin da aka ɓoye kusan kashi 88 cikin 100, amma da aka zo kan motoci sai adadin ya sauko zuwa wajen kashi 60. Wiwi ta fi musu sauƙi, hirowin ta fi wuya. Ga kuma zafin rana irin namu: karen da ke haki, harshe a waje, ba ya shinshina yadda ya kamata. Kuma abin da aka horar da shi a kai kawai yake nema. Wanda ba a koya wa tiramadol ba, wuce ta zai yi bai waiwaya ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuskure ta ɗaya ɓangaren. A wani nazari da aka wallafa a 2011, masu bincike a Kalifoniya ta Amurka sun gwada karnuka 18 da masu riƙe da su a wurin da babu ƙwaya ko ƙanƙani, amma aka gaya wa mutanen akwai. Sau fiye da 200 karnukan suka nuna akwai abu alhali babu. Kare yana karanta jikin ubangidansa, yana son faranta masa. Haka kuma wari kan zauna a kujera bayan mai kayan ya sauka tun jiya. Saboda haka idan kare ya zauna a gefen motarka don nuna ya ji wani abu, dalili ne na a bincika, amma ba shi ne shaidar laifi ba, sai an ga abu an gwada shi.

Batun saƙo kuwa, a nan ne hatsarinka yake, kare ko babu kare. Dokar 2020 da ta kafa NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Ghana, ta haramta riƙe ko safarar ƙwaya ba da izini ba, kuma wanda aka samu kaya a hannunsa shi za a fara tambaya. Don Allah kada ka karɓi ƙunshin da mai shi ya ƙi buɗewa a gabanka, ko da maƙwabcinka ne a Zango. Ka rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa da lambar wayarsu a littafi, yaron motarka ya shaida. Idan an tsayar da kai a hanya, kashe mota, ka bar kare ya yi aikinsa, ka roƙi a buɗe kowane kaya kana tsaye kana gani.