Yaya, ba tsiwa 'yarka ta yi ba

Yaya, saƙonka ya iso, kuma sai da na saurare shi sau uku kafin in zauna rubuta amsa, don na ji ranka a ɓace yake. Ka ce ka yi wa 'yarka hanyar aiki wurin wani Alhaji da kake jin kunyarsa, aka nemi ta turo takardun kuɗinta, ta ƙi. Ka ce mu Hausawan Gana mun koyi halin da ba na gida ba, zama da maɗaukin kanwa ya kawo mana farin kai. Ka kuma ƙara da wata magana a kan mahaifiyarta, wadda zan zo kanta. Bari in fara da abin da ya faru, domin labarin ya iso maka da gurguwar ƙafa.

Ba Alhajin ne ya yi magana da ita ba. Wani yaro ne daga ofishinsu ya turo mata saƙo ta WhatsApp da daddare, daga lambar da ba ta sani ba. Ya ce ta turo takardar shige da ficen kuɗin asusunta na banki ta wata shida, da ta asusun kuɗinta na waya, da hoton Katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, gaba da baya, da takardun albashinta uku na ƙarshe daga inda take aiki yanzu, har da hoton katin cire kuɗi wai don a tabbatar da sunan da ke kan asusun. A lokacin ba a ba ta takardar ɗaukar aiki ba, ba a ma faɗa mata nawa za a biya ta ba. Amsar da ta mayar tana nan a wayata. Ta gaishe shi, ta yi godiya, ta ce da zarar an ba ta takardar aiki za ta zo ofis da ƙafarta ta kawo lambar asusu da ta fansho da Katin Gana, sauran kuma tana roƙon a gaya mata amfanin da za a yi da su. Ban ga tsiwa a nan ba, kuma da ni ta yi shawara kafin ta tura.

Ka san shekara ashirin da 'yan kai na yi ina haɗa albashin ma'aikata, don haka wannan fagena ne. Abin da mai biyan albashi yake buƙata bai taka kara ya karya ba. Sunan banki da reshe da lambar asusu, don kuɗi su shiga. Lambar haraji, wadda tun ranar 1 ga Afrilun 2021 lambar Katin Gana ce ta maye gurbinta. Sai lambar fansho ta SSNIT, domin doka ta ce a cire kashi 5.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai aiki ya ɗora kashi 13, ita ma kuma an haɗe ta da katin. Da waɗannan na biya ɗaruruwan mutane albashi wata bayan wata, ban taɓa buƙatar sanin abin da wani ya yi da kuɗinsa bayan sun shiga hannunsa ba. Lambar asusu ƙofar shigar kuɗi ce, kana iya ba kowa. Lambobin da ke jikin katin cire kuɗi, da ukun nan na bayansa, da lambar sirri, da lambar da banki ke turowa ta waya ta minti kaɗan, waɗannan ƙofar fita ce. Duk wanda ya nemi ƙofar fita da sunan zai biya ka albashi, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya san wani aikin daban.

Ita kuwa takardar banki ta wata shida, ina so ka tsaya ka yi tunanin abin da ke cikinta. Ta yarinyar nan za ta nuna asibitin da take biya duk wata da irin sashen da take zuwa, abin da ko ƙannenta ba su sani ba. Za ta nuna bashin da ta ci lokacin da na kwanta jinya da yadda take biyansa kaɗan-kaɗan. Za ta nuna sunan wata bazawara da take taimaka wa a ɓoye, da kuɗin da take aika wa kakarta ta wajen uwa, da gudummawar da ta bayar lokacin da aka yi rashi a dangin can. Wato asirinta da na mutum biyar ko shida waɗanda ba su nemi aiki wurin kowa ba. Kai ne ka koya mini cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Addu'ar da tsofaffinmu suka fi yawan yi mana a nan ita ce Allah ya rufa asiri, kuma na tabbata a can ma ita ce. To yaya za a yi mutum ya roƙi rufin asiri da asuba, da hantsi ya tura asirin ga lambar da bai san mai ita ba?

Takardun tsohon albashi kuma maganar ciniki ce. Idan mai ɗaukar aiki ya ga abin da ake biyanka, ba zai ƙara duba darajar aikin ba, zai ɗora ɗan wani abu a kan tsohon farashin ya ce ya yi maka alheri. Wanda aka taɓa cuta a albashi sai cutar ta yi ta bin sa daga wannan ofis zuwa wancan. Kakanninmu fatake ne, ba wanda a cikinsu zai buɗe wa mai saye littafinsa ya ga nawa ya saro kaya kafin a yi tayi.

Kuma dokar ƙasar nan tana bayanta. Tun 2012 Gana take da dokar kare bayanan mutane, doka mai lamba 843, da hukumar da ke kula da ita. Dokar ta ce wanda zai karɓi bayananka sai ya faɗi dalili, kuma kada ya karɓi abin da ya wuce buƙatar wannan dalilin, kada ya riƙe shi fiye da lokacin da ake buƙata, ya kuma tsare shi daga hannun da bai kamata ba. Idan bayanan suka fita, wajibi ne a sanar da hukumar da mai bayanan. Kana da damar tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanka. Dokar ƙwadago ta 2003 kuma ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye sai da yarjejeniya a rubuce. Ku ma a Najeriya kun samu taku dokar kare bayanan a 2023, don haka ba wani baƙon abu muka ƙirƙiro a zango ba. Ni ma ba daga littafin gwamnati na fara jin wannan ba. A makarantar allo muka karanta cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, a Hujurati kuma aka hana bin diddigin asirin mutane. Neman a rubuta abu ba zargin kowa ba ne.

Amma gaskiyarka ta wani gefen, mun fi ku tsoron takarda, kuma akwai dalili. Kai ba wanda ya taɓa tsayar da kai a garin da aka haife ka ya ce ka kawo shaidar cewa kai ɗan nan ne. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ni ban yi wayo ba lokacin, amma a cikin labarin na girma. Mutanen da iyayensu suka sauko tun zamanin fataucin Gwanja, waɗanda suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892 suka kafa zanguna a Kete Krachi da Yeji da Kumasi, aka wayi gari ana tambayarsu takarda. Maƙwabtanmu sun sayar da gida da shago a wulaƙance suka hau mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Abin da ya tsayar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wani ƙaramin akwatin ƙarfe ne da ya ajiye takardar haihuwarsa da rasiɗan harajin kakanmu. Har ya rasu mabuɗin yana rataye a wuyansa. In za a yi amfani da wata takarda, shi da kansa yake kaiwa, ya tsaya a duba a gabansa, ya karɓo abarsa. Ina tuna ranar da wani ya ce ya bar ta ya dawo gobe, Baba ya zauna a kan benci tun safe har la'asar, bai ce uffan ba, sai da aka miƙo masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni kaina ba a daɗe ba wani ma'aikaci a wani ofis ya kalli sunana ya tambaye ni daga ina kakana ya zo, alhali kabarinsa yana nan cikin garin.

Yanzu maganar mahaifiyarta. Ka ce jinin Tonawa ne ya motsa, wai 'ya'yan Asante uwa suke bi, shi ya sa yarinya ba ta jin kunyar manya. Yaya, wannan ta yi mini zafi. Shekara talatin matar nan tana gidana. Ta musulunta kafin aurenmu, ta koyi Hausa a bakin Inna, ita ta yi jinyar Inna shekara huɗu har ta cika a hannunta, a lokacin da 'yan uwa na jini sai dai gaisuwa ta waya. Gaskiya ne danginta ta wajen uwa suke lissafin zuri'a da gado, kuma mahaifiyarta tana nan a kan addininta na Kirista, muna zumunci, muna kai mata jikoki. Wannan bai cire 'ya'yana daga gidan ubansu ba. Duk lokacin da ɗanmu ya yi abin da ya burge ku, sai ku ce jinin gida ne. In ya yi wanda ba ku gane ba, sai ku tuna da uwarsa. Haka kuke yi da harshenmu. Na sani a zango yaro zai ce "ya zo" ko da mace yake nufi, kuma mun ari kalmomin Tuwi da na Turanci. Amma fiye da shekara ɗari muna tsakiyar wasu harsuna, kuma har yau Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli in sun haɗu a zango da Hausa suke ciniki, da ita ake wa'azi. Mu muka riƙe ta a nan, ba wanda ya aiko mana da malami daga gida.

Ban ce ba a taɓa bayar da irin waɗannan takardu ba. Wanda zai yi aikin banki ko zai riƙe ma'ajin kamfani, ana iya binciken ko bashi ya yi masa katutu, kuma akwai kamfanonin da Babban Bankin Gana ya ba lasisin tattara tarihin bashi, ta nan ake bi. Abin da muke koya wa yaranmu shi ne su bari sai takardar aiki ta zo hannu, sannan su tambayi wa zai gani, a ina za a ajiye, yaushe za a lalata. In tabbatar da asusu ake so, banki yana ba da wasiƙa mai ɗauke da suna da lamba kawai. In dole sai an ga shigar albashi, a rufe sauran layukan da baƙin alƙalami kafin a yi kwafi. Kowane kwafi kuma a rubuta a kansa sunan wanda aka ba da dalili da kwanan wata, rubutun ya ratsa ta kan hoton, don kada a ɗauke shi a kai wani wuri.

Na dage a kan wannan ne saboda abin da idona ya gani a cikin ofis. Alhajinka mutumin kirki ne, ban musa ba, amma ba shi zai riƙe takardun ba. Na ga fayil ɗin ma'aikata a kan tebur, masinja yana buɗawa yana karanta albashin mutane. Na ga akawun da ya bar aiki ya tafi da wayarsa cike da hotunan katunan mutum sama da hamsin, ba da mugun nufi ba, kawai ba wanda ya ce ya goge. Wayar nan za ta lalace a kai wa mai gyara, ko a sayar, ko a sace. Yanzu kuwa da aka ɗaure komai a jikin kati ɗaya, layin waya da haraji da fansho, kuma tun 1 ga Yulin 2022 bankuna ba sa karɓar wata shaida sai shi, wanda ya samu hoton katinka da takardar bankinka ya san abin da zai faɗa ya zama kai. Zai kira ka ya ambaci kuɗin da ka tura ranar kaza, ka sakankance daga banki ne, ka karanto masa lambar da aka turo maka. 'Yan damfara sun gane cewa mai neman aiki ba ya musu, shi ya sa suke buga tallar aikin da babu shi don su tara takardu. Har lamba hukumar tsaron intanet ta ware, 292, don kai ƙarar irin wannan. Da yarinyar ta ga saƙon dare daga baƙuwar lamba, ta ina za ta san na Alhaji ne?

Shekaranjiya na je ofishin da kaina na gaishe da manajan. Ashe bai ma san yaron ya nemi katin cire kuɗi ba, wani tsohon jerin buƙatu ya samu a kwamfuta ya tura. Sun ce ta zo ranar Litinin da Katin Gana nata da lambar asusu. In ka ga dama ka kira Alhaji ka shaida masa, don kada ya ji a bakin wani.

Sannan hoton BVN, lambar shaidar banki ta Najeriya, da takardar bankin ɗanka da ka turo cikin zauren dangi don in nema masa aiki a nan, mutum sittin da ɗaya ne a zauren. Na goge nawa, na kira mutum uku sun goge. Ka shiga ka goge daga wajenka, ka ce masa ya je banki ya canza lambar sirrinsa. Mahaifiyar yaran tana gaishe ka, ta ce a gaida su Yaya Babba da jiki.