Amsa ga mai tambaya kan ciwon baya bayan ɗaga ƙarfe

Ɗan'uwa, ka ce duk ranar da ka ɗaga ƙarfe daga ƙasa, wato dedlif, washegari sai ka tashi ƙasan bayanka ya yi tsami, kana kuma son sanin ko hakan na nufin kana ɗagawa ba daidai ba. Na daɗe ina wannan motsa jiki, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka rarrabe tsamin tsoka da rauni, domin ba magani ɗaya gare su ba.

Tsamin tsoka ba ya zuwa lokacin da kake ɗagawa. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta tsakanin awa 24 da 72, sannan ya lafa kafin mako ya cika. Za ka ji shi a shimfiɗe a gefe biyu na ƙashin baya, kuma yana sauƙi idan ka yi tafiya jikinka ya ɗumama. Tsokokin wurin su ne ke riƙe baya a miƙe a ƙarƙashin nauyi, don haka gajiyarsu ba abin tsoro ba ce, musamman ga sabon shiga. Amma zafin da ya soke ka farat ɗaya ƙarfen yana hannunka, ko wanda yake gangarowa ta ɗuwawu har ƙasan gwiwa, wannan ka ajiye ƙarfe ka ga likita. Idan kuwa ƙafa ta rasa ƙarfi, ko ka daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko riƙe fitsari ya gagara, asibiti za ka nufa a ranar, domin mai yiwuwa jijiyoyi ne suka matsu.

Game da yadda ake ɗagawa, kuskuren da na fi gani a wurin masu koyo shi ne barin sandar ƙarfen, wadda ake saka nauyi a gefunanta biyu, ta yi nesa da jiki. Ka gwada riƙe bokitin ruwa a jikin cinyarka, sannan ka miƙa hannu gaba da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma bayanka zai gaya maka bambancin. Saboda haka sandar ta tashi daga saman tsakiyar tafin ƙafarka, tana gogar ƙwauri da cinya har ka miƙe. Wajen sunkuyawa kuma, ƙugu ne zai koma baya, ba gadon baya ne zai lanƙwashe ba. Kafin ƙarfen ya bar ƙasa ka ja numfashi ya cika ciki, ka ɗaure cikin tamau, ka ture ƙasa da ƙafafunka maimakon fizgar nauyin da hannu. Bel ɗin da ake ɗaurawa yana taimaka wa wannan ɗauri ne kawai, ba ya yin aikin a madadinka, ko da yake da yawa sun mayar da shi laya.

A ganina, gaggawa ta fi rashin iyawa ɓata baya. Mutum yakan yi ɗagawar farko da kyau, sai a na ƙarshe, gajiya ta kama shi, bayan ya gantsare ko ya tanƙware, shi kuwa ya dage sai ya cika lissafi. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta gefe, ka duba ɗagawar ƙarshe. Inda siffarka ta fara sauyawa, nan ne iyakarka ta ranar.

A yanzu kada ka kwanta jinya, domin zama wuri ɗaya yana ƙara sandarar da baya. Ka rage nauyin sosai, ko da sandar ce zalla mai kilo 20, ka ɗora ta a kan katako ta ɗan taso idan ƙasa ta yi maka nisa, sannan ka riƙa ƙara kilo 2.5 a hankali. Idan makonni biyu sun wuce ciwon bai ragu ba, ka nemi likitan gashin ƙashi ya duba ka.